Lasisin feshin maganin ƙwari: amsa ga wani matashi daga Argungu

Wani matashi daga Argungu ya aiko mini da tambaya. Ya ce shekara uku ke nan yana goya famfo yana yi wa manoman shinkafa feshi a fadama. Yanzu mutane sun fara kiransa cikin gidaje saboda kyankyaso da kuɗin cizo, har wani ɗan kasuwa ya nemi ya sa masa magani a sitonsa na wake. Ya ji ana cewa wannan aiki sai da lasisi, shi ne yake son sanin inda ake samu, da abin da ake nema, da kuma ko wanda karatunsa ya tsaya a sakandare yana da rabo.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Na daɗe ina aikin duba-gari a jihar nan tamu ta Kebbi, kuma yawancin masu feshin da na haɗu da su, ban haɗu da su ba sai bayan ta ɓaci. Kai ka zo tun kafin, don haka zan ba ka amsa mai tsawo.

Ka fara riƙe wannan: feshin gona da feshin gida sana'a biyu ce, ko da famfon ɗaya ne. A fadama kana fili, iska tana kwashe abin da ya tashi, rana tana cinye wani, kuma babu wanda zai shimfiɗa tabarma ya kwana a kan kunyar da ka fesa. A cikin ɗaki kuwa, inda ka fesa nan jariri zai yi rarrafe, nan tsohuwa mai asma za ta kwana da taga a rufe, nan tukunyar miya take. Wannan bambanci shi ne dalilin lasisin. Hukuma ba ta ɗauki feshin gida a matsayin aikin noma ba, ta ɗauke shi a matsayin aikin lafiyar jama'a.

Hukumar da ke da wuƙa da nama a kan wannan ita ce Majalisar Kula da Lafiyar Muhalli ta Najeriya, wadda ake kira EHCON. An kafa ta da dokar tarayya a 2002 da sunan EHORECON, aka yi wa dokar kwaskwarima a 2022 sunan ya koma wanda ake amfani da shi yanzu. Tana ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, hedikwatarta tana Abuja. Idan ka ji tsofaffin ma'aikata suna cewa EHORECON kada ka rikice, ita ce dai. Lasisi iri biyu ke fitowa daga hannunta da suka shafe ka, kuma rashin rarrabe su ne ke sa mutane yawo a banza. Akwai na mutum, wanda ke shaida cewa wane ya yi karatun lafiyar muhalli, ya ci jarrabawar ƙwarewa, an sa sunansa a rajista. Akwai kuma na kamfani, wanda ke ba wata sana'a izinin yin aikin kashe ƙwari da ɓeraye don kuɗi. Na biyun yana rataye ne a wuyan na farko, domin ba a ba kamfani izini sai ya nuna yana da jami'in lafiyar muhalli mai lasisi da zai ɗauki alhakin aikin.

Hanyar samun na mutum ita ce makaranta, babu wata ɓarauniyar hanya. Alhamdu lillahi ba sai ka yi nisa ba. Muna da kwalejin kimiyya da fasahar lafiya a Jega, maƙwabtanmu na Zamfara suna da tasu a Tsafe, ga kuma tsohuwar makarantar koyon tsafta ta Kano wadda ta yaye duba-gari da yawa a Arewa. Abin da ake nema shi ne kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi da darussan kimiyya, wato Bayoloji da Kimistiri da Fizis. Idan takardarka ba ta cika ba, ka sake zama NECO ko WAEC ka cike gurbin, shekara ɗaya ce. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, babbar difloma wasu biyun, akwai kuma digiri a wasu jami'o'i. Kowane mataki da matsayin da majalisar ke ba mai shi, daga mataimaki har zuwa cikakken jami'i, kuma iyakar abin da za ka iya sa wa hannu ya danganta da matakinka. Bayan karatu akwai jarrabawar ƙwarewa, sannan rajista, sannan lasisi, wanda ake sabuntawa tare da halartar bitocin ƙarin ilimi. Kafin ka biya ko sisi a kowace makaranta, musamman masu zaman kansu da suka yawaita yanzu, ka tabbatar majalisar ta amince da wannan kwas ɗin a wannan makarantar, kuma za a shigar da sunanka cikin jerin ɗalibanta tun kana aji ɗaya. Na ga yaran da suka gama shekarunsu, iyaye sun sayar da shanu, aka zo rajista aka ce ba a san da su ba. Abin yana ci mini rai har yau.

Na san abin da ke ranka: kai mai iyali ne ko mai shirin yi, shekara biyu ko huɗu a aji ba ƙaramin abu ba ne. To ga amsar tambayarka ta ƙarshe. Mai takardar sakandare yana iya yin wannan aiki, amma a matsayin ma'aikacin feshi da aka horar, ƙarƙashin kamfani mai lasisi da kulawar jami'i mai lasisi. Ba ƙasƙanci ba ne. A ganina ma nan ya kamata kowa ya fara, har da masu difloma, domin aji ba ya koya wa mutum gane kashin kyankyaso a bayan kabad ko hanyar da gara ta bi ta hau rufi. Akwai ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, PECAN, ana kuma shirya gajerun kwasa-kwasai na horarwa. Ka halarta, za ka ƙaru. Sai dai ka san matsayin takardar da za a ba ka: shaidar halartar horo ce. Wanda duk ya ce maka da bitar kwana uku ka zama mai lasisi, ka ba shi kuɗi kaza ya kawo maka takarda har gida, kuɗinka yake so. Kuɗin hukumomin tarayya a asusun gwamnati ake biyansu, ba a asusun wani mutum ba, kuma ka riƙe rasit ɗinka. Ta ɓangaren gona kuma, tunda can ka fi ƙarfi, akwai shirin horar da masu feshi na haya da ƙungiyar CropLife ke gudanarwa tare da wasu ayyukan bunƙasa noma. Ka tambayi malaman gona na yankinku ko za a yi a kusa. Zai gyara maka hannu a fadama, amma ba zai ba ka izinin shiga ɗakin kwanan mutane ba.

Idan kuma burinka ka kafa naka, to da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, za ka fara, ka yi wa sunan sana'arka rajista, ko ka kafa kamfani sosai idan kana hangen kwangilar gwamnati. A rubuta aikin kashe ƙwari ƙarara cikin abubuwan da kamfanin zai yi. Ka karɓi lambar biyan haraji. Ka sami jami'in lafiyar muhalli mai lasisi da zai zama jagoran aiki. Ka tanadi ofis da ake iya zuwa a same ka, da ɗakin ajiyar magani daban, mai iska, mai kwaɗo, wanda ba ya haɗe da wurin kwana ko wurin abinci, da kayan aiki da kayan kariya na kowane ma'aikaci. Sannan ka nemi izinin majalisar, ka kuma shirya wa zuwan masu dubawa. Bayan na tarayya, ka je Ma'aikatar Muhalli ta jiha a Birnin Kebbi da sashen lafiya na ƙaramar hukumarku ka gabatar da kanka, ka cika abin da suke nema na yin sana'a a yankinsu. Su ne za ka riƙa haɗuwa da su kullum, su ne kuma masu duba otal da gidan abinci da gidan burodi su tambayi wanda ya yi feshi.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙonka ka guje mata. Wasu kan je su ari lasisin wani jami'i, a sa hotonsa cikin fayil, a riƙa ba shi ɗan wani abu duk wata, shi kuwa bai taɓa taka wurin aikin ba. Ranar da aka sami matsala, mai lasisin zai ce bai san da aikin ba, kai za ka ce ai da sunansa ake yi, iyalin da aka cuta kuma suna kwance a asibiti. Idan za ka ɗauki jami'i, ka ɗauki wanda zai zo ya duba wuri, ya zaɓi magani, ya faɗi adadi, ya sa hannu da saninsa. Ni ma abokan aikina nake yi wa wannan magana, ba kai kaɗai ba.

NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba ta ba mai feshi lasisi, amma ita ke yi wa maganin da ke hannunka rajista, don haka kullum kana cikin huruminta. Duk kwalbar da babu lambar NAFDAC, ko an goge ranar ƙarewar aikinta, ko an ɗura ta a gorar ruwa, ba kayan aikinka ba ce. A nan ne nake da babbar damuwa da fiya-fiya. Abin da ake haɗawa a lungu a sayar a tasha, yawanci sinadarin diklobos ne, wanda ke cikin Sniper, kuma ba ka san ƙarfinsa ba, wanda ya haɗa ma bai sani ba. Diklobos yana cikin rukunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai haɗari ne ƙwarai. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa na noma a kasuwanni da kantuna saboda yadda mutane suka mayar da shi maganin sauro na ɗaki, da yadda rayuka suka salwanta ta dalilinsa. Tun 2008 hukumar ta haramta jerin magunguna 30, ciki har da Gamalin, wanda mu mutanen bakin gulbi mun san ɓarnar da ya yi wa ruwa da kifi. Daga baya kuma ta sanar da janye farakwat da kulofirifos da atarazin daga kasuwa tsakanin 2024 da 2025. Kai da ka saba da fadama ka san sunayen kasuwa na waɗannan, ka kuma san har yanzu ana iya cin karo da su, musamman da yake muna kan iyaka da Nijar da Benin, kaya suna shigowa ta ko'ina. Kasancewar abu a kan tebur a kasuwa ba ya nufin halal ne a yi aiki da shi. NESREA ma, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojinta kan sinadarai masu haɗari da yadda ake zubar da ragowarsu.

Ka koyi karanta takardar jikin kwalba kamar yadda kake karanta saƙon waya. Sunan kasuwa ba shi ne abin dubawa ba, sunan sinadarin da ke ciki da yawansa su ne, domin magani ɗaya yana iya fitowa da suna goma. Zanen launi a gindin takardar yana gaya maka haɗari: ja shi ne mafi muni, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Takardar tana faɗin inda aka yarda a yi amfani da shi. Wanda aka rubuta don auduga ko shinkafa, ba ya shiga ɗaki, komai arharsa, komai yadda mai gida ya nace yana son mai ƙarfi wanda zai ji warinsa.

Yanzu maganar siton wake, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali a cikin wasiƙarka. Kada ka karɓi aikin nan tukuna.

Abin da ɗan kasuwan yake nufi, ko dai ka yayyafa wa waken Sniper, ko ka sa masa ƙwayar nan da ake kira bom. Na farkon zuba guba ce a abincin mutane kai tsaye. Dalilinsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, bayan ta yi ta samun ragowar diklobos da ya ninka abin da ta yarda da shi sau da yawa. Su sun iya mayar da shi. Wanda ba a fitar ba, mu muka ci shi a ƙosai da alala. Haka wasu ke yi wa busasshen kifi don kada ƙwaro ya ci, kuma mu da muke da kasuwar kifi irin ta Yauri ya kamata abin ya dame mu fiye da kowa.

Bom kuwa, sunansa na asali aluminiyam fosfaid, ana sayar da shi da sunaye irin su Phostoxin. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana sakin giram 1 na iskar fosfin da zarar ta sha danshin iska. Iskar ce ke kashe ƙwaro har cikin ƙwayar hatsi, kuma idan gwani ya yi aikin yadda ya kamata, hanya ce da duniya ta yarda da ita. Amma ba ta da makari. Babu allurar da likita zai yi ta karya ta, sai dai a tallafi numfashi da zuciya a yi ta addu'a. Tana ratsa tsagar bango, da ƙasan ƙofa, da saman katangar da ba ta kai rufi ba. Warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi da take yi ba abin dogaro ba ne, mai barci ba zai ji ba. Aikinta yana buƙatar tamfol na musamman da iska ba ta fita, a danne gefensa, a bar shi kwanaki, a kafa alamar gargaɗi, a sami na'urar auna iskar kafin a ce wa kowa ya shiga, a kuma kwashe tokar da ta rage a binne yadda aka tsara. Ƙyallen rufe hanci, har da takunkumin da kake sawa a gona, ba sa tare ta.

Shekarun baya an kira mu wani ƙauye da sassafe. Magidanci ya sayi ƙwayoyin nan a kasuwa, wani mai feshi ya sa masa su cikin buhunan gero da wake a ɗaki ɗaya, ya rufe ƙofa ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ɗakin da ke manne da shi nan uwargida da yaranta ke kwana, bangon tsakani kuma bai kai sama ba. Cikin dare suka tashi da amai da ciwon ƙirji, aka ɗauka abincin dare ne ya ɓaci, aka ba su madara da manja, aka mayar da su suka kwanta a ɗakin nan dai. Kafin a gane a kai su asibiti, ƙaramar ta riga mu gidan gaskiya. Mai feshin ba mugu ba ne, yaro ne kamarka mai neman halalinsa, wanda ba a taɓa gaya masa cewa iska tana tsallake bango ba. Na ga fuskarsa a ranar, kuma ba na fatan in ga irinta a fuskarka.

Ga abin da za ka gaya wa ɗan kasuwan, kuma zai gode maka. Akwai buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, tun farko ma don wake aka yi shi. A busar da waken sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron da ke ciki zai shanye ɗan iskar da ta rage ya mutu, babu ko ɗigon magani. Durom mai murfin da ke rufewa ruf shi ma yana yin wannan aiki. Idan kayan sun yi yawan da dole sai an yi turaren iska irin na bom, a kira kamfani mai lasisi da kayan aikin, kai kuma ka roƙi a bar ka ka tsaya ka kalla daga inda aka ce ka tsaya. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, mai hedikwata a Ilorin da reshe a Kano, ita ce gidan wannan ilimi. Kayan da za a fitar waje kuma suna da nasu tsarin a hannun hukumar killace amfanin gona, NAQS.

Sai lafiyar jikinka, wadda na san ba ka sa ta a lissafi ba. Shekara uku kana feshi, ina da yaƙinin ka taɓa dawowa gida da ciwon kai da jiri da yawan miyau, ka ce rana ce. Magungunan dangin diklobos suna toshe wani sinadari da jijiyoyi ke buƙata, alamominsu su ne gumi, dalalar miyau, hawaye, amai, murɗar ciki, ƙanƙancewar ƙwayar ido, rawar tsoka da ƙuncin numfashi. Mafi yawan abin da ke shiga jikin mai feshi ta fata yake shiga, musamman lokacin haɗawa, sa'ad da maganin yake da kaurinsa, da kuma ta bayan riga idan famfo yana yoyo. Ka sa rigar aiki mai dogon hannu, safar hannu ta roba mai kauri, takalmin roba, tabarau, da takunkumi mai matatar da ake canzawa. Na san zafin Maris da Afrilu a ƙasar nan, na san mutum ji yake kamar ya cire fatarsa ma. Maganin wannan shi ne ka yi aiki da sanyin safiya ko da yamma, ba ka tuɓe kariya ba. Kada ka busa bakin famfo da bakinka idan ya toshe. Kada ka ci goro ko ka sha ruwa da hannun aiki. Kayan aikinka kada su haɗu da wankin iyali. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a juye ruwan cikin famfo, a huda ta, don kada wata ta tsince ta ta zuba man gyaɗa.

Madara ba makarin guba ba ce, manja ma haka. Wannan imani ya kashe mutane, domin yana cinye lokacin da ya kamata a ce ana hanya, kuma mai yana iya ƙara saurin shigar wasu magungunan cikin jiki. Idan abu ya faru, a fitar da mutum zuwa iska, a cire masa kayan, a wanke fata da ruwa da sabulu, kada a tilasta masa amai, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Kwalbar ce za ta gaya wa likita ko allurar aturofin zai yi, ko kuwa bitamin K ne idan maganin ɓera mai tsinka jini ne yaro ya ci.

Abin da zai bambanta ka da mai yawo da famfo a unguwa, bayan takarda, shi ne ka iya dubawa kafin ka fesa. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gidan da kwata ke kwance, shara a bayan ɗaki, hatsi a ƙasa, ramuka a gindin bango, ko ka juye masa galan guda ƙwari za su dawo. Ɓera kuwa, ko kusu kamar yadda muke ce masa a nan, ba a gama da shi da shinkafar ɓera kaɗai. Sai an toshe hanya, an ɗaga buhu daga ƙasa, an rufe abinci, sannan a sa guba cikin akwatin da yaro da kaza ba za su kai gare ta ba, a kuma bi a kwashe mushen da safar hannu. Ka tuna zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, don haka share sito mai kashin ɓera a bushe, ƙura tana tashi, shi kansa haɗari ne.

Kuɗin cizo shi ne zai fi kawo maka kira daga makarantun kwana da masaukai, shi ne kuma zai fi ba ka kunya idan ba ka san halinsa ba. Yawancin magunguna ba sa kashe ƙwansa, ƙwan kuma yana ƙyanƙyashewa cikin mako guda zuwa kwana goma. Saboda haka feshi ɗaya ba ya isa, sai an dawo bayan kamar mako biyu, an kwance gadaje, an bi tsagogin katako, an shanya katifu a rana, an wanke shimfiɗa da ruwan zafi. Ka faɗa wa mai aiki wannan tun farko ka sa shi cikin farashi, in ba haka ba zai ce ka cuce shi. Kuma kuɗin cizo da yawa sun daina jin magungunan da aka fi amfani da su. Idan magani bai yi aiki ba, ƙara yawansa ba ya gyara komai, sai dai a canza zuwa wani dangin sinadari daban. Gara kuma aikinta a ƙasa yake, a gindin gini, fesa bango inda ka ga taɓonta ɓata magani ne.

Sauro yana da nasa matsayi a jiharmu. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar, mafi yawa a duk Najeriya, shi ya sa ma aka fara ba da rigakafinta a nan da Bayelsa a ƙarshen 2024. Mutane za su so ka zo da injin hayaƙi ka turnuƙe unguwa, domin abin yana da ban sha'awa a ido. Amfaninsa na ɗan lokaci ne. Mai gaskiya zai nuna musu tsohuwar taya da kwatar da ta toshe da ramin da aka ɗebi ƙasar gini, ya ce su kwana cikin gidan sauro. Tsuntsayen jan baki da ke addabar shinkafarku a Argungu kuwa, feshinsu na gwamnati ne, da jirgin sama da ma'aikata na musamman, kada wani manomi ya ruɗe ka ka sa musu guba a ruwa.

Tun daga yau ka sayi littafi. Kowane aiki ka rubuta rana, wuri, ƙwaron da ka tarar, sunan magani da lambarsa, adadin da ka haɗa a lita nawa, da lokacin da ka ce a koma ɗaki. Kafin feshi a fitar da abinci da kwanuka da ruwan sha, a fitar da yara da masu ciki da marasa lafiya da dabbobi, bayan an gama a buɗe tagogi har tsawon lokacin da takardar maganin ta faɗa. Littafin nan shi zai tsaya maka ranar da aka zarge ka, shi ne kuma abin da za ka nuna wa kamfanin da kake son ya ɗauke ka. Manyan wurare irin su kamfanonin sarrafa shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi, da bankuna da asibitoci, takarda suke tambaya kafin su buɗe maka ƙofa, kuma takardar shaidar feshi da ake ba su bayan aiki sai mai lasisi ke sa mata hannu.

Da ni ne kai, a wannan makon zan je sashen lafiya na ƙaramar hukumar Argungu in nemi shugaban duba-gari, in gaya masa abin da ka gaya mini, in roƙe shi ya haɗa ni da kamfani mai lasisi da zan bi. Zan ɗauko sakamakon jarrabawata in duba ko kiredit ɗin sun cika, in sun cika in nufi Jega in tambayi lokacin sayar da fom. Feshin fadama ka ci gaba da shi da cikakkiyar kariya, shi zai biya maka kuɗin makaranta. Ɗan kasuwan kuma ka koma wurinsa gobe da buhun PICS guda ɗaya a hannu, ka nuna masa yadda ake ɗaure shi.